Likitan Keke da Mai Karatun Minti Bakwai

Mai karatu na farko kullum da minti bakwai yake zuwa. In mun saki rubutu ƙarfe goma saura, zai iso goma da minti bakwai. In rashin wuta ya ɓata mana lokaci muka saki goma da kwata, sai sha ɗaya da minti bakwai. Bai taɓa yin shida ba, bai taɓa yin takwas ba. Kuma ba ya zama. Kafin ƙiftawar ido ya shigo ya fita, alhali rubutun Kawu mafi gajarta ma sai mutum ya yi minti biyar a kai. Ni kaɗai na lura, domin ni ke zaune gaban kwamfutar. Kawu dai ganin adadi yake ya tashi daga sifiri zuwa ɗaya, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Mutumina ya zo."

Kawu wan mahaifiyata ne. Gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar benen da teloli suka cika. Dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya kai bangon ƙarshe. Duk layin Likita ake kiransa, wasu su cika su ce Likitan Keke. Kafin nan shekara goma sha tara ya yi a wani kamfanin ɗinka tufafi yana kula da kekuna sama da ɗari. Ranar da aka rufe kamfanin aka raba musu takardar yabo, wurin suna a cikinta fili ne, aka ce kowa ya cike nasa da hannunsa. Tana nan cikin akwatin kayan aikinsa, man keke ya ɓata mata gefe, har yau bai cike ba.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko tun a kamfanin. Duk keken da ya gyara, kafin ya mayar da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, sai ya juya bayansa ya yi zane uku ƙanana da bakin ƙusa, ya sa wata da shekara, sannan ya ɗaure. Mai keken ba ya gani. Na taɓa tambayarsa amfanin alamar da ba wanda zai gani.

Ya ce, "Wanda zai buɗe bayana zai gani. Shi ne ya san aikin."

Da na gama jami'a aiki ya ƙi samuwa, mahaifiyata ta ce in riƙa zuwa wurinsa in rage zaman ɗaki. A can na tarar da littattafansa, guda goma sha ɗaya, waɗanda ya cika da hannunsa. Kowace irin cuta ta keke tana ciki: mai tsallake ɗinki, mai tsinka zare, mai dunƙule zare a ƙasa, mai kukan da ba nasa ba. Yadda yake magana haka yake rubutu, ba kwana-kwana. Ni na ce mu buɗe masa bulog, wato shafi nasa na kansa a intanet. Ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya kawo sharaɗi ɗaya: kada in gyara masa magana ta koma ta 'yan boko.

Litinin da Alhamis muke saki. Shi ya karanto daga littafi yana ƙari, ni in buga a tsohuwar kwamfutata, sannan in ɗauki hoto da waya yana nuna wurin da bakin sukundireba. A kusan kowane hoto babban yatsansa na hagu yana fitowa, mai farcen da allurar kamfani ta raba biyu tun ban zo duniya ba.

Wata shida muka yi masu karatu ba su wuce goma sha huɗu ba. Telan da ke shagon farko a saman matakala, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya samu abin yi. Kullum in ya sauko shan iska sai ya leƙo.

"Madam Digiri, yau mutum nawa? Ku cire ni da matata da ke, saura nawa? Likita, da ka tsaya bakin titi ka yi ihu ai da ka fi tara jama'a."

Kawu ya ce, "Kai da ka ɗinka wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, har kana da bakin magana?"

"Ƙafar mutumin ce ba daidai ba!"

Dariya suke yi, amma na ga abin yana cin Kawu. Shi ya sa na shiga bincike har na gano abin da ake kira RSS. Da na zo yi masa bayani na rasa ta inda zan fara, sai na ce ya ɗauka shafinsa tanki ne, yanzu sai mutum ya tako da bokiti kafin ya samu ruwa. Wannan abin kuwa bututu ne. Duk wanda ya jona, da zarar mun saki sabon rubutu zai gangara har cikin wayarsa, ba sai ya tuna da mu ba. Akwai kuma manyan shafuka masu tattara bututai daga ko'ina su nuna wa jama'arsu, in ka yi rajista da su.

Ya ce, "To ja mana bututun."

Wurin saitawa akwai zaɓi biyu: ko a tura rubutun gaba ɗaya, ko a tura farkonsa kawai, mai son ci gaba ya tako shafin. Na karanta masa.

"Rabin rubutu? Ke kin taɓa ganin na gyara rabin keke na ce a dawo jibi a karɓi sauran? Tura duka."

Akwai kuma ɗan akwatin da ake sa sunan marubuci a jikin kowane rubutu. Na tambaye shi abin da zan sa. Ya nuna saman shafin, inda muka rubuta Likitan Keke da manyan baƙaƙe.

"Ga allo can a bakin ƙofa. Sai na bi kowane rubutu ina liƙa sunana kamar mai neman zaɓe? Bar shi."

Na bar shi. Na san allon ba ya bin bututu, rubutun ne kawai ke tafiya. Na sani, amma ban ga abin da zai jawo ba, kuma ban saba maimaita wa babba magana ba. Na sa ɗan maɓallin jona bututun, mai ruwan goro, a gefen shafin, na kwashe kwana biyu ina yi mana rajista a duk inda na ga ana tattara bututai, ba tare da na duba su waye ba.

Abin ya yi aiki, kada in yi ƙarya. Cikin wata uku waɗanda suka jona sun haura ɗari uku. Saƙonni suka fara shigowa daga garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba. Wata tela, wadda ta ce ita kaɗai ke da keke a ƙauyensu kuma mai gyara mafi kusa tafiyar yini ce, ta rubuto cewa da rubutunsa ta raba kekenta da dunƙule zare. Kawu ya sa na karanta masa saƙon sau uku. Ya sayi sabon gilashin ido. Matarsa ta ce min har a gida ya rage faɗa. Tela ya koma cewa, "Likita, in ka zama babban mutum kada ka manta ni na fara zaginka."

A cikin wannan lokacin mai minti bakwai ya fara zuwa. Kawu ya gina masa rayuwa guda a kansa. Wai tabbas tsohon makaniki ne irinsa, mai kiyaye lokaci, wanda ya yi aikin kamfani. Wani lokaci in yana karanto min rubutu sai ya tsaya ya ce, "Ƙara wannan, mutumina zai gane."

Wata Alhamis, bayan ya zo ya wuce, na kwafi jimla ɗaya daga rubutun ranar na sa a wurin bincike. Jimlar ita ce: ka saurari keken tukuna kafin ka ɗauki sukundireba. Ta fito, amma ba a shafinmu ba. Wani babban shafi ne mai launin kore, cike da tallan atamfa da na kekunan zamani. Rubutun Kawu na nan daga farko har ƙarshe, da hotunana, an ɗora shi goma da minti takwas. A samansa an rubuta: Daga Injiniyanmu. Na gangara ƙasa. Rubutu saba'in da ɗaya, duk namu. Ƙarƙashin kowanne mutane ɗari-ɗari suna godiya. Allah ya ƙara basira, Injiniya. Injiniya, ka ceci sana'ata. Namu shafin sai a shafi na uku na binciken na same shi.

Ashe mutumin Kawu na'ura ce da aka saita ta riƙa leƙa bututun duk awa.

Kawu yana zaune taku biyu daga inda nake, ya sa kunne jikin wani keke yana juya shi a hankali. Na buɗe baki na rufe. Na ce bari sai ya gama. Da ya gama na ce bari sai gobe. Haka na yi mako uku. Sau shida ina jin yana cewa mutumina ya zo, ina kallon madannai.

Ranar da abin ya fashe, mun je wata makarantar koyon ɗinki ne da yake duba wa kekuna duk bayan wata uku. Na bi shi don in ɗauki hotuna. Mai makarantar, wata Hajiya mai son a ga tsari, ta tare mu da fara'a ta ce mu zo mu ga gyaran da ta yi wa ajin. Ta buga takardu ta sa a leda ta liƙa a bango, kowane keke da tasa a samansa.

"Likita, ka ga zamani ko? Wani injiniya ne a intanet, ba ka ga ilimi ba. Na ce ɗalibaina su haddace. Kai ma da za ka riƙa dubawa da ka ƙaru, don wallahi wani abin da yake faɗa ban taɓa jin ka faɗa ba."

Kawu ya sa sabon gilashinsa ya matsa. Na ga leɓensa yana motsi. Ya karanta ta farko, ya wuce ta biyu, ya tsaya a ta uku, mai hoton kwarkwaro, wato mazaunin zaren ƙasa, da yatsa a gefensa.

"Hajiya, wannan ai rubutuna ne."

Ta yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho in ya yi ba'a. "Kai Likita!"

"Ranki ya daɗe, ni na rubuta. Ga yarinyar da ta buga."

Ta juyo ta dube ni. 'Yan mata wajen ashirin suka daina taka keke. Na ce, "Eh, nasa ne," amma ni kaina da kyar na ji muryata.

Hajiya ta ɗauko waya ta shiga shafin mai launin kore ta nuna masa. "Ga shi nan, Injiniyanmu. Mutum dubu nawa ke binsa. In dai kun kwafa kun sa a naku, ba laifi ba ne, kowa ma yana yi. Amma kada ka ce kai ka rubuta, girmanka ne zai zube."

Kawu ya juya ga takardar. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya ɗora babban yatsan a bango, daidai gefen na hoton. Farce biyu, tsaga ɗaya. Wata ɗaliba a baya ta ce, "Laa!" Hajiya ta duba, sannan ta gyara mayafi.

"To ai masu gyara duk haka hannunku yake. A fara da na bakin taga, shi ke tsinka zare."

Ya gyara kekuna tara a ranar, ƙarƙashin takardunsa. Kowanne sai da ya juya faranti ya ƙara zanensa a gefen na baya.

A hanya ya tambaye ni, bai ko dube ni ba, "Kin sani?"

"Na sani, Kawu."

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Can ya ce, "Mutumin nawa fa?"

Na gaya masa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ashe injin nake yi wa gaisuwa," ya canja wa akwatin hannu.

Na rubuta wa masu shafin sau huɗu. A na huɗun aka amsa da layi biyu: bututunku a buɗe yake kuma ku kuka yi rajista, kamata ya yi ku gode da muka kai rubutunku inda ba zai taɓa kaiwa ba. Na cike akwatin sunan da na bari fili. Na'urarsu ba ta ɗaukar wannan akwatin. Na sa layi a ƙarshen kowane rubutu mai cewa Likitan Keke ne ya rubuta. Kwana biyu suka saita ta tana yanke layin ƙarshe. Kawu da kansa, mutumin da ya ce ba zai liƙa suna kamar mai neman zaɓe ba, ya fara cusa shi a tsakiyar magana: ni Likitan Keke na sha ganin wannan. Mako guda ya tsira. A mako na biyu na buɗe shafinsu na ga: ni Injiniya na sha ganin wannan.

Tela ya ce a gano ofishinsu a je da almakashi. Da ya ga ba wanda ya yi dariya sai ya zauna a kan matakala. "Likita, ni fa ko a gaban wa zan rantse naka ne. Shekara nawa kana damuna da maganar a saurari keke?"

"Rantsuwarka ai ba ta shiga intanet," in ji Kawu.

Abu ɗaya ya rage, shi ne zaɓin da ya ƙi tun farko. Na ce in muka koma tura farkon rubutu kawai, na'urar ba za ta samu abin ɗauka ba sai layi uku, dole mai so ya tako wurinmu ya ga allon. Wannan karon na faɗa da ƙarfi, har na maimaita. Ya ce in yi.

Ya yi aiki shi ma. Rubutu biyu suka ɗauka guntaye, sannan mai minti bakwai ya daina zuwa. Masu shigowa shafinmu suka ɗan ƙaru. Na fara jin kamar na biya wani abu daga laifina.

A rana ta goma sha biyu saƙo ya shigo daga telar nan ta ƙauye. Ta ce, Baba Likita, lafiya? Rubutun saita allura da kwarkwaro ya zo min rabi. A nan sabis ba ya iya buɗe shafi mai hotuna, abin da ya gangaro cikin waya kawai nake samu, shi ma sai na hau tudun bayan makaranta. Na kwance keken na kai inda ka ce a sassauta noti na biyu, sai maganar ta yanke. Yau kwana huɗu yana kwance a kan tabarma, ga kayan mutane.

Na so in ɓoye, amma na riga na ga abin da ɓoyo ya jawo. Na karanta masa. Na ce za mu iya tura mata ita kaɗai, cikakke.

"Sauran fa? Su ɗari ukun nan, kin san nawa ne ke kan tudu?"

Ban sani ba.

Ya daɗe yana goge sukundireban da ba datti a jikinsa. Sannan ya ce, "Ita ta san sunana. Buɗe."

"Kawu, za su dawo."

"Na ce ki buɗe, 'yar nan. Mace ta kwance keke da maganata."

Na buɗe ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Ban san yadda aka yi suka gane ba, wataƙila na'urar ba ta taɓa daina leƙe ba. Sha ɗaya da minti bakwai adadi ya motsa. Kawu yana kallo. Tun daga ranar bai sake tambayata mutum nawa ba.

Yanzu shekara guda ke nan. Waɗanda suka jona bututunmu sun kusa ɗari biyar. Shafin mai launin kore ya tattara rubutun ya yi ɗan littafi da sunan Injiniyansu, na gan shi a hannun wani mai sayar da zare. Ban gaya wa Kawu a ranar ba, washegari na gaya masa. Ya ce, "Hoton yatsan yana ciki?" Na ce sun yanke gefen. Ya gyaɗa kai.

Har yanzu muna saki, amma Alhamis kawai, kuma ya daina ƙari. Abin da ke cikin littafi yake karantowa yadda yake, ba labarin kamfani, ba ba'a, ba wannan mutumina zai gane. Muna littafi na tara. Na tambaye shi abin da za mu yi in na sha ɗaya ya ƙare, ya ce in ya ƙare ya ƙare. Takardun Hajiya suna nan a bango, rana ta fara cinye tawadar, kuma duk wata uku yana zuwa ya yi aiki a ƙarƙashinsu.

Yau da safe an kawo masa wani tsohon keke baƙi mai tsallake ɗinki. Ya sa kunne ya saurara, ya kwance, ya canja ƙarfen da ya cinye, ya sa mai. Ya gwada a ƙyalle, ɗinkin ya tafi sumul. Ya juya bayan farantin ya yi zane uku da bakin ƙusa, ya sa wata da shekara, ya mayar ya ɗaure.